Muryar Malam a Cikin Kwamfuta

Shekarun baya, ina cikin takaba, na yi wata ɓarna da hannuna. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini magana ko da ta ga ina tona wa kaina asiri.

Malam, maigidana, ya yi kusan shekara yana fama da ciwon ƙirji kafin Allah ya karɓi abinsa. A shekarar nan, duk lokacin da 'yata ta taso daga Gwarzo inda take koyarwa ta zo mana Madadi, sai ta ajiye waya a gabansa ta ce ya ba ta labarin kakanni. Shi kuwa dama abin da yake so ke nan. Ya faɗi inda suka taso da shanu, da yadda ciwo ya cinye garken, da ranar da babansa ya fara riƙe fartanya yana ɓoye fuska don kunya. In wayar ta cika, sai ta juye maganar a kwamfutarta ta goge ta wayar. Saboda haka da aka kai Malam makwancinsa, muryarsa ba ta rage ko'ina a duniya ba sai cikin wannan baƙin abu.

Kwamfutar kuwa ta tsufa. Batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take tashi. Bayan sadakar arba'in 'yata ta ce za ta sa mata sabon windo, wai shi ne abin da ke tafiyar da komai a cikinta. A ɗakina ta jona ta, don nan wayar sola take. Ta yi 'yan danne-danne, ta ɗauki mayafi za ta suna ƙauyen Kara.

Ta ce, "Inna, ko me kika gani kada ki taɓa ta. Za ta mutu ta tashi da kanta, ki ƙyale ta."

Na ce, "Ni me ya haɗa ni da ita? Je ki abinki."

Bayan azahar ina zaune a kan tabarma sai abin ya fara huci. Ya ja iska da ƙyar, ya yi shiru, ya sake ja. Na san wannan numfashin. Wata uku na yi ina zaune a gefen Malam a wannan ɗakin, ina jira in ji ko zai sake ja. Na tashi na fita na zuba wa awaki dusa, ina jin sa daga can. Na dawo na ɗora hannu a kanta, na ji zafi rau kamar goshin mai zazzaɓi. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na kama wayar na zare. Ɗakin ya yi tsit. Na rufe ta, na lulluɓa mata zane. Kuma wallahi daɗi na ji.

Da 'yata ta dawo ta jona, sai fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, wani ɗan abu ya yi ta juyawa, ta mutu. Ta sake kunnawa, haka. Ta yi ta yi har la'asar ta kusa wuce ta.

"Inna, wani ya shigo ɗakin nan?"

Na ce, "Ko solar ce ta ɗauke?"

Tsohuwa da ni, ga carbi a hannu, ga takaba, na shara wa 'yar cikina ƙarya.

Ta kai ta wurin wani mai gyara a Gwarzo. Ya ce magani ɗaya ne, a wanke ta tas a sa sabon windo, amma duk abin da ke ciki ya tafi. Ta ɗauko abarta ta dawo. Ranar ce ta zauna bakin gadona ta ce, "Inna, Baba na ciki fa." Sai lokacin na gane abin da na yi. Ni ba dama in fita in bi masu gyara ina roƙo, sai dai in zauna in dubi bango.

Daga baya aka ba ta labarin wani dattijo a Kabo, tsohon malamin makaranta da ya koma gyaran kwamfuta. Ashe ya san Malam a kasuwar dabbobi, bai ma ji rasuwar ba. Shi ya hau babur ya zo da kansa. Ya zauna a soro, ni ina daga bayan ƙofa.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Ya yi addu'a, sannan ya buɗe jakarsa. Ya daɗe yana dubawa. Can ya ce wa 'yata, "Malama, ina so in san gaskiyar abin da ya same ta. Faɗuwa ta yi, ko wuta ce ta yanke ana cikin sakawa? Aikin ba iri ɗaya ba ne."

Kafin ta buɗe baki na ce, "Ni na zare."

Na ce, "Huci take irin na Malam. Na kasa."

Sai na ji 'yata tana jan hanci. Dattijon ya ce, "Inna, ba a kanki aka fara ba. Masu digiri ma suna zarewa, su ba su da ko dalili irin naki." Ya kwance bayanta ya ciro wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya ce nan ne rumbun, komai a ciki yake. Zai haɗa shi da tasa kwamfutar ya kwashe abin da zai kwasu. Amma ya ce rumbun dama ya gaji, yankewar ta ƙarasa shi, kada mu sa rai da yawa.

Kwana tara muka jira. Ban iya cin abin kirki ba.

Da ya dawo, windo ya hau, kwamfuta ta tashi garau, har ta daina huci don ya share mata ƙura. Amma cikin maganganun Malam duka, biyu kaɗai suka buɗe. Ɗaya shuuu kawai take yi. 'Yata ta kunna ɗayar.

Sai ga shi. "To, shi kakan nawa, da suka tsallaka rafi..."

Sai wata murya ta faɗo a kansa: "Malam, kunun nan zai huce."

"'Yar Gude, ana ɗaukar magana fa."

"A ɗauka mana. Kunu dai zai huce, kuma ba zan sake hura wuta ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce wa 'yata, "Kin ji uwarki ko? Tun da na auro ta ban taɓa kai labari ƙarshe ba." Daga nan sai ƙarar ludayi a ƙwarya, da ni ina mita a kan awaki sun shiga rumfa. Shi ke nan abin da ya rage.

Sunayen kakannin nan sun tafi. Na riƙe wasu, amma ina haɗa na wannan da na wancan, kuma babu sauran wanda zan tambaya. 'Yata ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, wani lokaci ina jin da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dai juye 'yar maganar a wuri uku, ta ce in faɗa muku ku ma ku riƙa yin haka kafin ku sa wa kwamfuta wani sabon abu. To na faɗa.

Ni dai na gaji, ba na yawan cewa a kunna mini. In kewa ta yi yawa nakan ce ta sa. Kuma duk sanda ya kai bakin rafin nan, sai in ji bakina yana ce wa muryar nan tawa, "Ke, yi shiru mana ya ƙarasa." Ba ta taɓa yin shirun ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.