Digirin da Na Yi a Gindin Ɗorawa

Na haura arba'in lokacin da na shiga karatun digiri ta waya. Aikina a wani ɗan ofishin walwalar jama'a yake a cikin Birnin Gwari, inda ake turo duk wanda aka rasa inda za a kai shi: matar da aka saka da goyo, tsohon da 'ya'yansa suka watsar, mutanen ƙauye da 'yan bindiga suka koro. Na daɗe a wurin da 'yar diflomata, ina ji ina gani yaran da na nuna wa inda ake ajiye fayil suna dawowa da digiri suna hayewa kaina. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya aike ni sayen ruwan leda, na dawo gida na ce wa matata ko zan mutu sai na yi digirin nan. Ta yi dariya ta ce to, Allah ya ba ɗalibi sa'a. Daga ranar ita ke kai wayata wurin masu caji, ita ke korar yara waje idan na buɗe littafi.

Ba ni da babbar gona, ba ni da shago. Abin da na mallaka a garin nan shi ne an yarda da ni. Mata kan gaya mini abin da ba sa gaya wa iyayensu, dattawa kan ba ni ajiyar magana. Da wannan nake taƙama, kuma ban taɓa tsammanin abu ne da ake iya ƙwacewa a wuni ɗaya ba.

Jami'ar tana can nesa, ban taɓa taka ƙofarta ba. Duk Asabar ake aji ta bidiyo. Matsalar ita ce sabis. A cikin gari in ka yi ihu kira yakan shiga, amma bidiyo sai dai ka ga fuskar malama ta daskare baki buɗe. Wuri ɗaya ne sabis ke zama daram: wani tudu a bayan gari, bayan gidajen ƙarshe, inda wata ɗorawa take tsaye tana fuskantar daji. Samari kan je su yi abin da ya kai su cikin sauri su dawo a tare. Ni kuwa sai in shimfiɗa buhu in zauna tun hantsi har azahar, ni kaɗai, abin ji a kunne, ina gyaɗa kai ina magana ƙasa-ƙasa.

Na san yadda ake kallon mai zama shi kaɗai a bakin daji da waya. Infoma ake ce wa masu kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma a garinmu babu zagin da ya kai wannan. Amma na ɗauka zargi na baƙi ne. A nan aka yanke cibiyata, mahaifina a kasuwar nan ya tsufa yana awon hatsi. Wa zai kalle ni ya ce wani abu?

A shekara ta biyu aka koya mana yadda ake zama da iyalin da ke cikin ƙunci. Malamar, wata mai tabarau da sanyin murya, ta ce kada mu fara da abin da mutane suka rasa, mu fara da abin da suke da shi: wa ke bayansu, wane ɗan'uwa ne mai albashi, wa za su ruga wa in abu ya taso. Maganar ta shige ni ƙwarai. Aka ba mu aikin gida, kowa ya sami iyali na gaske ya yi hira da su, ya naɗi muryar da izininsu ya tura.

Na zaɓi wata mata 'yar ƙauyen Kusasu da suka gudo da mijinta da 'ya'yansu, suna zaune a wani kangon shago a unguwarmu. Mijin ya fita dako a kasuwa. Na yi mata bayani ta ce babu komai, na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu.

"Baiwar Allah, in abu ya taso, wa kuke da shi da zai tsaya muku?"

"Sai Allah, Malam."

"Bayan Allah fa? Babu wani ɗan'uwa a birni?"

Sai ta ce, "Akwai ƙanin maigidan a Kaduna. Aikin gwamnati yake, har mota gare shi."

A wannan aikin na fi kowa maki a ajinmu. Na nuna wa matata, ta dafa mana taliya da manja don murna.

Da kaka ta yi, mijin matar ya lallaɓa Kusasu ya karyo masararsa, don yunwa ta ishe su. A gonar aka ɗauke shi. Da ɓarayin suka kira, ta yi ta kuka tana cewa ba su da komai ba su da kowa. Sai mai maganar ya ce mata, "Ƙaninsa na Kaduna mai mota fa?"

Babu wanda bai san motar nan ba a Kusasu. Duk Sallah take zuwa, yaran ƙauyen ne ke tura ta in ta kafe a laka. Makiyayi ya gan ta, mai tallar goro ya gan ta, wanda ya sayar musu da rago ya gan ta. Amma matar da ta zauna tana neman bakin da ya kai maganar daji, mutum ɗaya ta tuna, wanda ya tambaye ta da waya a gabansa. A lokacin na ce ruɗewa ce, na yi mata uzuri. Yanzu kam na daina yi wa kowa uzuri.

Ina tsakiyar aji a gindin ɗorawar na ji babura. 'Yan sa-kai ne, masu gadin gari da bindigogin toka. Shugabansu tare muka yi wasan ƙasa, kuma ni na yi ta zirga-zirga har aka ba mahaifiyarsa keken guragu. Ya tsaya a kaina ko sallama babu.

"Malam, da su wa ake ganawa?"

"Aji nake. Ga malamarmu nan, duba ka gani."

Ya fizge wayar, ya ƙura wa ƙananan fuskokin da ke cikinta ido, ya juya ga yaransa ya ce, "Ashe ma taro ne." Ina jin muryar malama tana kiran sunana da irin harshensu, har ya kashe wayar ya sa a aljihu.

A wata rumfa a gefen kasuwa suka ɗaure ni, hannuwa ta baya, jikin ginshiƙi. Suka yi mini dukan kawo wuƙa da gora da igiyar roba. Kafin wani lokaci wurin ya cika. Mai rake ya turo baronsa kusa yana ta ciniki da 'yan kallo. Aka kawo matar, aka sa ni na buɗe wayar, suka lalubo hirar suka kunna a gaban jama'a. Muryata ta fito tar, a tausashe, tana cewa, "Babu wani ɗan'uwa a birni?" Wurin ya ɗauki salati. Wallahi ni kaina da na ji ta a cikin wannan rumfar, sai na ji ta yi kama da muryar infoma. Na yi ta cewa karatu ne, aikin makaranta ne, wani ya ce wace makaranta ce ake yi a gindin bishiya. Matar ta matso ta tofa mini yawu a fuska. Wani da muke shan shayi teburi ɗaya kullum safiya, shi ya fara cewa a kawo fetur.

Sai na hango yayana yana ratso mutane. Ɗan kasuwar hatsi ne, mai rumbuna, ana jin maganarsa. Na ji sanyi a raina, na ce to an gama. Shugaban 'yan sa-kai ya ce masa, "Alhaji, ƙaninka ne. Za ka rantse a kansa?"

Yayana ya dube ni, ya dubi taron, ya gyara babbar rigarsa.

"Rantsuwa abu ne mai nauyi," in ji shi. "Ciki ɗaya muka fito, gaskiya ne. Amma abin da yake yi a bayan gari, ban sani ba."

"Yaya!" na ce. Bai waiwayo ba. Na san tsoro yake kada a ce tare muke, a ƙone masa rumbu. Sanin hakan bai rage mini komai ba. Duk gorar da ta sauka a kaina ranar, babu wadda ta yi mini ciwon maganarsa.

Matata ce ta zo. Ta kutsa cikin maza da takalmi ƙafa ɗaya, mayafi na ja a ƙasa, ta faɗa kaina ta rungume ni da ginshiƙin duka. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ta ce ita ke kai wayar caji, ita ke jin abin da nake karantawa, in za a zuba fetur a zuba musu su biyu. Gora ta same ta a kafaɗa ba ta saki ba. Haka ta riƙe ni har shugaban ofishinmu da limamin unguwa suka iso suka yi ta ba da baki. Da za a kwance ni, shugaban 'yan sa-kai ya ɗaga murya ya ce kowa ya ji, ba wanke ni aka yi ba, hujja ce ba ta cika ba tukuna.

Ita ta yi jinyata da ruwan zafi da man kaɗe. Har yau yatsu biyu na hannuna na hagu ba sa lanƙwasawa. Yayana ya aiko da buhun masara, na ce a mayar masa.

Mijin matar bai dawo ba. Bayan danginsa sun sayar da duk abin da za su iya sayarwa, sai labarin mutuwarsa ya zo. Matata ta ce kada in je gaisuwa. Na ce rashin zuwan ne zai tabbatar musu, na sa hula na tafi. Na yi sallama na zauna a bakin tabarma. Na kusa da ni ya miƙe kamar zai yi alwala, na gefensa ya bi shi, haka ɗaya bayan ɗaya har tabarmar ta zama tawa ni kaɗai. Na ɗaga hannu na yi wa mamaci addu'a, babu wanda ya ce amin. Na shafa na tashi.

Ban bar karatun ba, don taurin kai gare ni, kuma in na bari za a ce asiri ne ya tonu. Sai na koma bin motocin Kaduna ranar Juma'a, da duk abin da ke kan hanyar nan, in yi ajina a can in dawo Lahadi. Malama ta jajanta mini sosai. Bayan ta gama jaje sai ta ce ko zan ba 'yan aji labarin, don ya dace da darasin wannan makon a kan yadda ake samun amincewar al'umma. Na ba su. Suka yi ta turo hoton tafi da na zuciya. Wata daga cikinsu ta biyo ni ta gefe tana tambaya ko ina da hotunan raunukan, tana so ta sa a aikinta na ƙarshe. A cikinsu duka babu wanda ya ce tambayar da aka koya mana ba ta kowane gari ba ce. Da zangon ya zagayo aka sake ba 'yan bayanmu wannan aikin gidan yadda yake.

Na gama. Takardar digirin a hannun direban mota ta iso, cikin ambulan da ya sha maiƙo. An yi mini ƙarin girma, an ba ni teburi mai aljihu. Mutane suna zuwa ofis kamar da, yunwa ba ta ragu ba, amma in suka leƙo suka ga ni ne a zaune sai su koma benci su jira abokin aikina ko da zai kai la'asar. Wanda ya rasa yadda zai yi ya zauna a gabana, kafin in buɗe baki zai ce shi ba shi da kowa a duniya. Dattijon da na san ɗansa soja ne ya dube ni ido cikin ido ya ce duk 'ya'yansa sun mutu.

Duk wannan na shanye shi, saboda in na koma gida akwai mutum ɗaya da ta ce a kawo Alƙur'ani a kaina. Da ita nake auna garin, in ce su dai jahilci ne da tsoro.

Kwanakin baya ina wurin aski, wanzamin yana hira da wani, bai lura ni ne a benci ba. A bakinsa na ji cewa ƙanin matata ya sami aiki a wani babban kamfani a Abuja tun kafin damina, har an yi walima a gidan surukaina. Da ya ɗago ya gan ni sai ya canza hira.

Na dawo gida da yamma na tarar tana tuƙa tuwo a tsakar gida. Na jawo kujera na zauna kusa, muka taɓa hirar yara. Sannan na ce, "Ina ƙaninki ne? Kwana biyu ban ji ɗuriyarsa ba."

Muciyar ta tsaya a cikin tukunya. Ba ta daɗe ba, ta ci gaba da juyawa.

"Yana nan, Malam," ta ce, idonta a kan wuta. "Yana 'yan buge-bugensa. Ka san babu aikin yi yanzu."

"Allah ya buɗa masa," na ce.

"Amin."

Ta kwashe tuwon ta zubo mini miya, na ci na wanke hannu. Tun daga ranar ban sake tambayarta wani nata ba, ita ma ba ta sake kawo mini labarin kowa ba.