Kaset na Huɗu

Malamin Sauraro kowa ke ce masa a jami'ar, shi ma har ya gaji da gyara musu. Shekara ashirin da uku yana aji ɗaya a ƙarshen baranda, yana koya wa 'yan shekarar farko yadda za su bi lacca da Turanci kada a bar su a tasha. Dokarsa guda ce, kada ka bi kowace kalma, ka ɗauki tsaba ka bar ƙaiƙayi.

Laccocin da yake kunna musu matarsa ce ta karanta su a kaset, a falonsu, tun yara na ƙanana. Yau shekara shida da rasuwarta, yaran kuma kowa ya kama gabansa. A kaset na huɗu, ana tsakiyar bayanin zaizayar ƙasa, sai ta yi tari, ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban yara, rufe tagar nan mana," ta yi 'yar dariya, ta ci gaba. Ɗalibai ko a jikinsu. Shi kuwa wannan wurin yake jira tun daga farkon zango, don babu mai kiransa da sunan nan yanzu, kuma kewar tana cinsa.

Da sashen ya ce a koma kwamfuta, ya yi ta jan ƙafa. Daga baya dai, don a juye laccocin a kwamfuta, ya miƙa kwalin kaset ɗin ga mai kula da na'urori, wani mai furfura a gemu da ya taɓa zama ɗalibinsa.

Ranar da aka zo kan na huɗu, murya ta fito tar, kamar tana cikin ajin. Ana isa zaizayar ƙasa ya riga ya juya wajen taga. Ta wuce abinta, ba tari, ba dariya.

Da aka tashi ya sami mutumin a ofis.

"Akwai inda ta yi tari," in ji Malam.

"Na goge shi, Malam, duk na tsabtace su," ya amsa yana jiran yabo. "Ai kai ka koya mana, tsaba ake ɗauka."

"Kaset ɗin fa?"

"An kwashe su da shara tun makon jiya."

Malam ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau, don kuwa ya yi.

Ya koma ajin, babu kowa sai kujeru. Ya je ya rufe tagar.