Keken Baba Masinja da ƙarfen da aka ɗaura a juye

Baba Masinja ya yi rayuwar aikinsa duka yana kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan a kan baƙin keke, kuma bai taɓa sayen ƙararrawa ba. Ba rowa ba ce. Keken ne yake da murya tasa.

Asalin muryar kuwa, tun yana saurayi ƙarfen tsakiya ya karye masa, wato sandar da ke ratsa gindin keke ta riƙe feda biyu. Ƙarfen nan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma dogon gefen na dama ne, domin farantin sarƙa ya sami wurin juyawa. Mai gyaran da ya kai wa a lokacin ya ɗaura sabon a juye. Faranti ya matse da jikin keke yana gogarsa, ƙiii, ƙiii, fedar hagu kuma ta yi waje kamar mai fushi da 'yan'uwanta. Da ya koma ya yi ƙorafi, mai gyara ya ce, "Sabo ne, zai saba."

Ƙarfe bai saba ba. Baba ne ya saba. Ƙafarsa ta hagu ta koyi buɗewa, kafaɗarsa ta koyi karkata dama don ta rama, har ya zama ko a ƙasa yake tafiya sai ka ce yana kauce wa kwata. Unguwa ma ta saba. Yara na jin ƙiii sai su kwashe ƙwallonsu, awaki su tashi daga hanya, mai shago ya miƙo burodi ba tare da ya ɗaga kai ba. Marigayiya matarsa da ƙarar take ɗora ruwan shayi.

Bayan ya yi ritaya, ƙarfen ya cinye, feda ta fara lilo. Ya tura keken rumfar gyara, inda yanzu ɗan wancan mai gyaran ne ke zaune, cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanin giris. Yaron kirki ne, mai son aikinsa. Ya kwance, ya duba, ya riƙe baki.

"Baba, wane maƙiyin Allah ne ya ɗaura maka wannan?"

"Ubanka."

"Allah ya jiƙansa," in ji mai gyara, ya ci gaba da aiki.

Ya auna faɗin gindin keken, ya zube ƙarafa a kan buhu, ya ware wanda tsawonsa ya dace, ya ɗaura dogon gefe a dama. Sarƙa ta miƙe sak. Keke ya yi shiru kamar ɗaki bayan an ɗauke wuta.

A ranar Baba ya shiga kwata. Kafaɗarsa na nan tana rama laifin da aka riga aka gyara, sai keken ya bi ta dama. Washegari ya bi ta kan ƙafar mai shago, wanda ya rantse bai ji zuwan kowa ba. Akuya ma da ya yi karo da ita kallon mamaki ta yi masa.

Labari ya kai kunnen babbar 'yarsa, malamar asibiti, wadda ta daɗe tana neman dalilin raba shi da keken. Ta zo da kwado da sarƙa a jaka, ta ajiye a kan tabarma.

"Baba, girma ya zo. Jibi zan dawo in ga hawanka da idona. In ka karkace, keken nan ya shiga ɗaki."

"Ni da na hau keke tun ba a haife ki ba?"

"Shi ya sa, Baba."

Baba ya san abin da ɗaki yake nufi: zaman ƙofar gida, da jiran jika ya kai shi kasuwa a bayan babur kamar buhun gawayi. Da sassafe ya tura keken rumfa.

"Ɗana, mayar min da shi yadda ubanka ya yi."

"Haba Baba! Tsawon nan daidai yake, na auna."

"Ka auna keke. Ni ka auna ni?"

Mai gyara ya ce sunansa zai ɓaci, faranti zai ci jikin keke. Baba ya ce ya ci mana, ai ya daɗe yana ci bai ƙoshi ba. Daga ƙarshe yaron ya leƙa titi hagu da dama, ya ja keken bayan rumfa, ya juya ƙarfen yana ta istigfari.

"Don Allah Baba, kada ka ce ni ne."

"Zan ce gado ne."

Ranar jarrabawa 'yar ta tsaya a ƙofar gida, kwado a hannu. Baba ya hau, ƙafar hagu a waje, kafaɗa a dama, ya miƙe titi sak kamar an ja zare. Ƙiii, ƙiii. Yara suka kwashe ƙwallo, awaki suka ba da hanya, mai shago ya miƙo burodi. Ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya taka birki a gabanta.

Sannan ta ce, "Hawa dai babu laifi. Amma wannan ƙara, Baba, mai gyaran nan bai san aikinsa ba. Gobe zan kai maka keken wurin wani."

"Kul," in ji Baba. Ya karɓi kwadon daga hannunta, ya je ya rufe ɗakin kaji da shi.