Ƙyauren da Na Auna da Hannuna

Duk kasuwar Malanville, daga rumfunan albasa har bakin gada, babu wanda ya kai ni iya awo. Buhu ya wuce a kan amalanke, kallo ɗaya zan yi masa in faɗi nauyinsa, in faɗi ko a Garou aka cika shi, in ƙara da ko mai cikawar ya karya kumallo. Ma'aikatan duwan kansu, wato 'yan kwastan, in sikelinsu ya rikice, ni suke leƙe ta wutsiyar ido. Haka dai nake gaya wa mutane, ba kuma wanda ya taɓa kai ni ƙara.

Shekarar da jikata ta fara rarrafe aka gwada ni. Ɗiyata tana aure a Gaya, duk Juma'a takan ƙetaro kogi cin kasuwa, ta ajiye mana yarinyar. Ita kuwa ba rarrafe take ba, tsere take. Kafin ka juya ka tofar da tukar goro ta bar ɗaki, ta ratsa tsakar gida, tana gaisawa da murhu. Mage na yi mata jagora, ɗan akuyan da muke reno yana bin su a baya kamar jandarma. Wata rana aka tsince ta da toka a tafin hannu, saura ƙiris garwashi. Ɗiyata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ba a tare ƙofar ɗakin nan ba, wurin surukarta za ta riƙa barin yarinyar. Ni kuwa duk mako Juma'ar nan nake jira, a zo a ja mini gemu.

Matata ta ce a kafa guntun zana, magana ta ƙare. Na ce ɗan akuya zai cinye shi kafin la'asar. Kafinta ya ce katako, na ce gara za ta gode masa. Na ga wani ƙyaure na roba wurin masu kayan Kotonu, na danna da yatsa ya yi kuka. Na yanke shawara: jikata sai ƙarfe.

Mai waldan unguwarmu dogo ne, irin wanda ƙofar masallaci ke sa shi ruku'u tun bai shiga ba. Ya ce bari ya zo da mitarsa ya auna. Na yi dariya har hulata ta karkace. Na ce na riga na auna da hannu yadda iyayenmu ke awon yadi: faɗi kamu biyu, tsawo kamu biyu, tsakanin sanda da sanda taƙi ɗaya. Ya ce to.

Abin da ban tuna ba, ni gajere ne. Daga gwiwar hannuna zuwa yatsa bai wuce ludayi ba, nasa kuwa ya isa tuƙa jirgi zuwa Gaya. Kuma da nasa hannun ya auna.

Da ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, ya sauke ƙyauren, ya fi ƙofar faɗi nesa ba kusa ba. Na sa aka kafa shi ta wajen bango da siminti, na gaya wa maƙwabta gyara aka yi mini. Sakata tana waje, sabuwa, fenti ya cika ta, sai an buga da dutse take motsi.

Ranar Juma'a na shiga ɗaki da jikata, na sa matata ta buga sakata, don ɗiyata ta gani da idonta. Mage ce ta fara wucewa tsakanin sanduna, ko gashin bakinta bai taɓa ƙarfe ba. Ɗan akuya ya shigo, ya leƙa, ya fita. Yarinya ta kalle su, ta yar da carbina, ta bi su ko karkata kafaɗa ba ta yi ba.

Na zabura. Ƙyaure ya tare ni a ƙirji. Na ja sakata ta ƙi. Na ɗaga ƙafa zan hau, wandona ya maƙale a kan sanda, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar shamuwa ina kiran a tare ta. Matata ta miƙa hannu ta ɗauke yarinyar kafin ta kai rabin tsakar gida. Ɗiyata ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

Matata ta goya yarinyar, ta ɗauko tsohuwar komar kamun kifi da muke rufe barkono da ita, ta ɗaure ta a jikin sanduna da igiya, daga sama har ƙasa. Aka miƙo mini jikata ta saman ƙyaure. Ta rarrafa, ta tura komar da kai sau biyu, ta haƙura ta zauna. Ɗiyata ta ce Juma'a mai zuwa za ta kawo ta.

Duk wannan aiki ba wanda ya tuna da buɗe mini. Na gyara murya na ce, in ban da ɗan kuskuren awo, ai ƙyaure ne na gani na faɗa. Matata tana neman dutsen buga sakata ta ce:

"Mi ad da shi, Alhaji? Cikin ku huɗu ya tsare wanda ya hi ɓarna."