Guntayen Fatar Baba Duk-Ɗaya

Ku da kuka ci kasuwar Belbeji da ran Baba, babu wanda bai tare da guntayen fatar nan biyu ba, ɗaya ja, ɗaya koriya. Ko gaisuwa ba a gama ba zai zaro su daga aljihu. "Tsakaninka da Allah, ina bambancinsu?" In ka nuna masa, sai ya girgiza kai. "Kai ma sun saye ka. Duk ɗaya ne." Haka sunan Duk-ɗaya ya bi shi har kabari. Ni ce ƴarsa ta fari, kuma wallahi na gaji da gardamar nan tun ban iya ɗaura zane ba.

A ce baduku, wanda tuwonsa ke cikin jar fata da koriya, shi ne bai yarda akwai su ba. Inna ce ke ware masa, ja a dama, koriya a hagu. Wani mako suka yi faɗa ta ƙi warewa, sai ga wani Buzu daga Tarka ya zo karɓar jakar raƙuminsa. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ja na ce, da adon kore a baki. Wannan kwamacalar fa?"

Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Duk na zuba maka. Kai da ke ganin bambancin, sai ka ware abinka a hanya."

Shekarar da aka samu ƴancin kai kuwa, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya kawo masa sabuwar tuta ya sa mata maɗaurin fata. Da aka ja ta sama, sai ga kore a bisa, ruwan goro a ƙasa.

Mushe ya riƙe kai. "Baba, ka kife mana ƙasa!"

"Farin yana tsakiya ko ba ya tsakiya? To me kuma kake nema?"

Mu muna dariya, shi abin yana cin ransa. Mutum guda yake nema a duniya da zai ce masa gaskiyarka. Cewa yake ido gado ne, dole wani a zuriyarsa ya ɗauko. Ƙannena maza duk suka ba shi kunya. Ya koma kan ƴaƴansu. Duk wanda bakinsa ya buɗe, sai ya ɗora shi a cinya, ya ba shi dabino, ya zaro fatun. Yaro ya cinye dabino ya ce wannan ja ne. Baba ya sauke shi. "Tafi can, idon uwarka ka ɗauko."

Ran nan na ce, "Baba, ga Isuhuna ma, gwada shi mana."

"Ɗan mace ai na gidan wasu ne. Abin da bai bi ta maza ba, ta ina zai bi ta ke, ke da kika fi kowa musu da ni?"

A ciwonsa na ƙarshe ya daina zaro fatun. Wannan ya fi tarin da yake yi ba mu tsoro.

Bayan sadakar arba'in aka raba kayan aiki, maza suka kwashe wuƙaƙe da basilla. Guntayen nan babu mai so, suka faɗo hannuna. Ina tankaɗe Isuhu ya ɗauke su yana juyawa.

"Inna, don me Kaka ya yanka fata ɗaya gida biyu?"

Na zaci tsokana ce, har na ɗaga hannu. Sai na ga yaron da gaskiyarsa yake kallona. Na ajiye masa nunannen tumatir da ɗanye, ya ce sai ya latsa zai sani. Rariyar ta suɓuce mini. Shekara bakwai yaron nan yana rarrafe, yana gudu a gaban rumfar Baba.

Yanzu gardamar ta dawo ɗakina, safe da yamma, ni kuwa ba ni da sauran ƙarfin musu. In ya ce duk ɗaya ne, sai in ce gaskiyarka.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya isar masa da labari cewa mai shaidarsa ya zo, kuma ta ɗakin ƴa mace ya biyo.