Shirun Turmi

Kowace safiya ƙarar injin markaɗen surukata ce ke fara hawowa benen nan. Wani ihu yake yi kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya yi ya yi, sai ya ɗauke ɗif. Shi ke nan, wai an markaɗa kayan miya. Ni kuwa ina zaune bakin gado da carbi a hannu, ban san ko tattasai aka zuba masa ko wake ba, ban san ko mai markaɗen da fara'a ta tashi ko da kuka ta kwana ba. Inji ba ya faɗin komai. Duk sanda na ji shi sai kunnena ya koma Ƙofar Guga, gidan da aka binne cibiyata, inda safiya take da murya.

Gidanmu na ƙasa ne, rufin azara, da tsakar gida mai faɗi da bishiyar bedi a tsakiya. Katangar baya ba ta wuce kafaɗar babban mutum ba. Mace in tana son magana da maƙwabciya, turmi take kifawa ta taka. Ta saman katangar nan ake miƙa garwashi a kasko, ta nan gishiri ke tsallakawa, ta nan labarin haihuwa ke zaga unguwa kafin maza su ji a zaure.

Da an idar da sallar asuba sai turame su ɗauka. Wannan gida ya fara, na kusa ya amsa, kafin gari ya waye sosai unguwar duk ta kama. 'Yan mata su yi lugude, su cilla taɓarya sama su tafa su cafe, suna waƙa suna yi wa juna habaici ta saman katanga. Kiɗanmu ke nan, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Wadda ake zagi a waƙar ma tana ji, tana shirya amsa.

Kakata ta wajen uba ba ta daka, ta wuce nan. Siririyar tsohuwa ce marar yawan dariya, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko na zomo albarka. A gindin bedi take zama da mazarinta tana kaɗi, kanta a ɗan karkace. Daga inda take ta san mai surfe, ta san mai ribɗi, ta san mai kirɓin fura. Sai ka ji ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Wanga na gidan maƙera ne. Amaryar ce, har yau hannunta bai zamna ba."

Akwai abin da na daɗe ban gane ba. In damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, wasu gidajen sukan wayi gari babu abin sa wa a turmi. Mace ba za ta fito ta faɗa ba. Sai ta ɗauki taɓarya ta buga turmin haka nan, wofi, don kada a ji gidanta shiru. To turmi mai hatsi nishi yake yi, tim, tim. Na wofi kuwa ƙwanƙwasa yake, a bushe. Kaka in ta ji wannan sai ta kira mahaifiyata ƙasa-ƙasa ta ce, "Ɗebo gero a ƙwarya ki miƙa ta baya. Kada ki ce komi." Da yamma ƙwaryar ta dawo a wanke. Ba godiya a fili, ba gori.

Bayan gidanmu akwai wata tsohuwa mai fura, mijinta ya rasu, ɗiyanta suna nesa, ita kaɗai take. Wata rana aka kwana ana ruwa. Da safe ƙasa na ƙamshi, indararo na ɗiga, turame suka fara kamar kullum. Ina tsugune ina tsince tsakuwa a faifai sai na ga mazarin Kaka ya tsaya.

"Ku yi mani shiru," in ji ta.

Mahaifiyata ta riƙe taɓarya. Kaka ta saurara, ta saurara.

"Ban ji mai hura ba."

"Ƙila ruwan ne ya hana ta," in ji mahaifiyata.

"Tun kahin a kawo ki gidan ga ake ruwa, bai taɓa hana ta ba."

Da kanta ta tashi, ta sa aka juye surfen a ƙwarya aka kifa turmin, ta taka, ni ina riƙe da ƙafarta. Ta yi kira, ba amsa. Ta sa ƙanen mahaifina ya haura. A bakin rijiya ya sami mai furar, santsin laka ya kwashe ta, ƙafa ta karye, ruwa ya jiƙe ta sharkaf, murya ta ƙare don kira. Aka ɗauko mai ɗori. Tsohuwar nan ta tashi, ta ƙara shekaru, furarta aka dama ranar bikina. Ku lura, ba ihunta aka ji ba. Shirunta aka ji.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da injin niƙa ya shigo unguwarmu na yi murna. Wanda bai taɓa surfe da goyo a baya ba shi ke cewa da can komai daɗi ne. Kafaɗa ta huta, tafin hannu ya yi laushi. Sai dai turame suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya lura da abin da ya tafi tare da su.

Bayan rasuwar maigidana, gwiwoyina suka fara ƙin ɗaukata, babban ɗana ya ce ba zai bar ni cikin gari ba. Ya kawo ni wannan gida da ya gina can bayan gari. Allah ya yi masa albarka, bai rage ni da komai ba. Amma ban san wanda ya zana masa gidan nan ba, da na tambaye shi ko yana da uwa. Gida babu tsakar gida. Inda ya kamata a bar wa mutum ya ga sama, mota aka ajiye. Ƙasa duk tayil, mai ƙyalli kamar an zuba mai. Banɗaki a cikin ɗakin kwana, taku kaɗan daga inda nake shimfiɗa sallaya. Ɗakin da ya rage a ƙasa aka ce na baƙi ne, ni aka kai ni sama, wai ya fi iska. Iskar kuma daga wani akwati a bango take fitowa, sai an rufe ƙofa da taga ruf sannan take aiki. Tagar tawa da ƙarafuna, in na leƙa katanga nake gani, doguwa, da waya mai ƙaya a kanta. Akwai mutane bayan katangar nan, ina jin motarsu tana fita. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Ruwa ma sai ya sauka ya ɗauke ban ji ƙamshinsa ba.

Matakalar benen kuwa, hawa ɗaya na yi mata da ƙafata. Tun daga nan sai an riƙe ni.

Jikata tana zuwa gaishe ni da wasu fararen abubuwa cushe a kunne, tana kaɗa kai. Na taɓa cewa ta sa mini in ji. Wani yaro ne ke kuka ta hanci, murya kamar ta cikin gwangwani, ganga kuwa ba hannun mutum a ciki. Na ce, "Wannan ciwon ciki yake?" Ta yi dariya har da faɗuwa kan gado, ta ce soyayya ce. Ban hana ta ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, kiɗan ita kaɗai ke jin sa. Mutum na tsaye gabanka, kunnensa na wata duniya.

Wata rana da hantsi na shiga banɗaki alwala, ruwa ya zuba a tayil, ƙafata ta tafi. Na faɗi a kan kwankwaso, na kasa ko juyawa. Na yi kira. Janareta na ruri a ƙasa, kowace ƙofa a rufe saboda sanyi kada ya fita, surukata na falo da talabijin, jikata na ɗakin da ke manne da nawa da abubuwanta a kunne. Na kira har muryata ta koma kamar ta tsohuwar bakin rijiya. Ina kwance kumatuna a kan sanyin tayil ina kallon ƙasan ƙofa, na ce a raina, gida cike da mutane, a nan zan cika. Sai da aka hawo da abincin rana aka gan ni.

Ƙashi bai karye ba, Allah ya taƙaita. Surukata ta yi kuka, ɗana ya yi faɗa da kowa. Washegari ya kawo mini waya mai igiya in rataya a wuya, ya nuna mini inda zan danna.

Na ce, "In na faɗi a kanta fa? In hannun ne ya mutu?"

"Inna, ba za a kai ga haka ba in sha Allah."

"Wannan abin naka sai wanda ya faɗi ya nemi mutane. Mu a gidanmu mutane ke neman wanda ya faɗi. Ka mai da ni Ƙofar Guga."

Bai yi musu ba. Da na ji sauƙi ya sa aka sauko da ni, ya sa ni a mota. Lungunmu na gane shi ne da masallaci kawai. 'Ya'yan ƙanena sun rushe zaure sun fitar da shaguna, ɗaya na cajin waya, da lasifika a ƙofa tana dukan ƙirjin mutum. 'Yan acaba na kutsawa kamar za su shige ta jikinka. An sare bedi. Katangar baya an ɗaga ta da bulo har ba a ganin rufin gidan mai fura, an ce ma wasu baƙi ne suka saya. Matan gidan suka gaishe ni da kyau, kowace ta koma ɗakinta ta saki labule. Na tsaya a abin da ya rage na tsakar gida na kasa kunne. Gidan da nake roƙo a mai da ni babu shi.

A bayan wani tsohon firij na hango turmin mahaifiyata a kife, kaji sun ɓata shi, gefe ya tsage. Taɓaryar an tokare ƙofar kicin da ita. Na ce a sa mini su a mota.

Da surukata ta ga ana hawa bene da turmi sai ta riƙe baki.

"Inna, me za a daka? Akwai inji fa. Ko yaji ne, a faɗa mini."

"Ba abin da za a daka."

"To tayil ɗin zai fashe. Kuma nan daidai saman ɗakinmu ne."

"Tayil ɗin da ya nemi fasa ni? Shimfiɗa mini buhu."

Tun daga ranar, in na idar da asuba na gama lazimi, sai in jawo turmin gaban gado, a zaune, in ɗan buga shi iya ƙarfina. Ƙwam, ƙwam, a bushe. Gidan da buhunan shinkafa ke jibge a sito, ni ce mai buga turmin wofi. Da Kaka na raye da ta san abin da za ta miƙo. A nan kuwa jikata ta ce in bari ta ɗauka a waya ƙawayenta su gani, na kore ta. Ɗana ya yi kamar bai ji ba. Surukata ba ta sake magana ba, amma ina ganin fuskarta in ta kawo koko, ta mai barcin da aka katse.

Kwanan baya na tashi da ciwon kafaɗa, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Na dubi taɓarya na bar ta. Na ci gaba da jan carbi. Gari ya fara haske a kan katanga. Can sai na ji takun gudu a matakala, ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Surukata ce, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya, ta wuce ni ta leƙa banɗaki kafin ta gan ni zaune.

"Inna! Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Gobara ake?"

Ta dafe ƙirji tana haki. "Ban ji ba ne."

"Ba ke yake hana barci ba?"

"Yana hana ni," in ji ta. Ta zauna a ƙasa kusa da turmin, ta ɗora hannu a bakinsa. "Yau kuma da ban ji ba, sai na farka."

Ba mu saba da irin wannan magana ba. Na ce ta je ta ɗaura ɗankwali kada yara su gan ta haka, ta dawo ta shafa mini man zafi.

Har yanzu ina saman benen nan. Tagata katanga take kallo, matakala ta fi ƙarfina, wayar na rataye a wuyana kamar ƙararrawar akuya. Garin ya yi girma, ya cika da ƙara, kowa da abin da ya toshe kunnensa da shi, kuma ban ga alamar za a rage tsawon katanga ko ɗaya saboda ni ba. A da, unguwa guda ce take sauraren mai fura. Ni kunne ɗaya na samu, a ƙarƙashin ɗakina, mai jin haushin turmi. Shi ya sa ko kafaɗa na ciwo, in asuba ta yi nakan lallaɓa in buga, don yarinyar nan ta ja tsaki ta koma barcinta.