Baƙin Tabo a Dankalin Babanmu

Ban taɓa shan wahalar noma irin ta shekarun nan biyu ba. Ba fari aka yi ba, ba tsutsa ce ta sauka ba. Dankali ne ya riƙa ruɓe mini ina ji ina gani.

Irin da nake nomawa na babanmu ne, bayansa ja, cikinsa fari, ga gari. Tun yana da rai muke raya yaɗonsa da rani a wani ɗan fili bakin rijiya, a fadamarmu ta wajen Gwiwa, ana ba shi ruwa da guga har damina ta faɗi. In ruwa ya zauna, mutane su zo su yanka su kai gonakinsu. Ba a sayarwa, ba a kuma hana kowa. Haka na tarar.

Shekarar farko da na buɗe ramin da na adana dankalin, wari ne ya fara tarbata. Kowanne na ɗauka sai in ga baƙin tabo ya lotsa ciki, wani har da fumfuna. Maiɗakina ta fere masu dama-dama ta dafa, yara suka tofar, wai ɗaci. Na ce laima ce. Na kwashe ruɓaɓɓen na watsa a jujin bayan gida. Shekara ta biyu na sake rami, na ƙara toka, na rufe da kara. Abin ya fi na bara muni, don wannan karon tun a kunya nake tono shi da tabon.

Zama ya gagare ni. In je fadama, in dawo, in sake komawa, ba abin da na yi sai juya ganye. Ganyen kore shar, shi ne abin haushin. Ranar kasuwa na hau keke na je na sami malamin gona a rumfar mai maganin feshi, da dankali uku a aljihu. Ya fasa ɗaya ya shinshina, sannan ya tambaye ni.

"Malam, ina kake zuba waɗanda suka ruɓe?"

"A juji mana. Rijiya zan zuba su?"

"To takin jujin fa, ina kake kai shi?"

Mangala huɗu na takin na ɗora wa jaki da kaina, na kai gindin irin, don shi na fi so ya ƙoshi.

Ya ce cutar tana zama a ƙasa, tana kuma bin gindin yaɗo, duk wanda ya yanka daga can ya kai ta gonarsa. Na ce ya ba ni magani ko na nawa ne. Ya yi dariya, ya ce, "Ku dai komai feshi. Wannan wuta take so." Wai in yanki kan yaɗon kawai, can sama inda bai taɓa ƙasa ba, in dasa a wurin da ba a taɓa sa dankali ba, in ƙone sauran, in bar filin shekara uku. Ko hakan ma bai yi mini alkawarin zai tsira ba. Kuma bana kada in ba kowa ko tsinke.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mini a wuya. Ina isowa gida bayan la'asar na tarar da kawuna, ƙanin babanmu, zaune a dakali da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Jibi zan aiko a yankar mini iri," in ji shi. "Na gama kunya."

"Kawu, bana babu."

"Babu? Wanda na gani jiya ya rufe bakin rijiya, aljanu ne suka shuka?"

Na faɗa masa abin da malamin ya ce, har maganar jujin ban ɓoye ba.

"Yaron da ko fartanya bai iya riƙewa ba shi zai hana ni irin yayana? Kai ka ce dai ka fara rowa, mu sani."

Na ce ya yi haƙuri. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, bai amsa sallamata ba. Maiɗakina ta leƙo ta ce in ba shi ko ɗauri ɗaya mana a zauna lafiya. Na ce in na ba shi, baɗi ramin gidansa ne zai yi wari, da na duk wanda ya yanka a wurinsa. Na san kuma muddin yaɗon na nan bakin rijiya, jibi sai an yanka, ko ina so ko ba na so, don ba zan iya tare jakin kawu a hanya ba.

Washegari bayan asuba na wasa wuƙa na tafi fadama. Na bi yaɗon ɗaya bayan ɗaya ina yanke kansa, na cika kwando guda na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Sauran na tumɓuke shi da saiwarsa, na tara, na jibga masa busasshen kara na kunna. Ɗanyen ganye ba ya son ci, sai da na ƙara kara sau uku. Da ya zama toka na ɗaure kwandon a bayan keke, na kama hanyar wata jigawar surukina ta wajen Roni, inda gero kaɗai aka taɓa shukawa.